Faifan ajiya na waje ya ƙi buɗewa, kwamfuta tana neman a yi masa fomatin

Baban Khadija:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni barci tun shekaranjiya. Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo a wajen bukukuwa a nan Kano, kuma ina da faifan ajiya na waje mai girman terabait 1, irin ƙaramin nan da ake jona shi da kebul ɗin USB kawai, ba ya buƙatar wata wayar wuta daban. A cikinsa na tara aikin kusan shekara uku. Ranar Litinin da daddare ina cikin kwashe bidiyon wani biki daga memorin kyamara zuwa cikinsa, a kwamfutar tebur mai Windows 10, sai aka ɗauke wuta. Da muka tayar da janareto na kunna kwamfutar, faifan bai fito a jerin faifai ba. Fitilarsa tana kamawa, kuma idan na ɗora tafin hannuna a kansa ina jin yana juyawa. Wani lokaci bayan kamar minti biyu sai saƙo ya fito cewa sai an yi masa fomatin, wato a share shi a sake tsara shi, kafin a iya amfani da shi, wani lokaci kuma ko saƙon ba ya fitowa. Ban danna komai ba tukuna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne akwai bukukuwa biyu a ciki da ban miƙa wa masu su ba, kuma mahaifiyar ɗaya daga cikin amaren ta kira ni sau biyu jiya. Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka.

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Malam, ka yi daidai da ba ka danna fomatin ba, kuma ina roƙonka kada ka danna ko sau nawa saƙon ya fito. Windows tana fitar da wannan saƙo ne duk lokacin da ta kasa gane tsarin fayil ɗin da ke kan faifai, ba wai ta duba ta tabbatar babu komai a ciki ba. Kafin kowa ya ba ka wani umarni da za ka rubuta, ina so ka amsa mana abu uku. Shin faifan yana yin wani sauti mai maimaituwa, kamar ƙas, ƙas, ƙas, ko wani siririn kuka? Ya taɓa faɗuwa ƙasa? Sannan a wace ƙofar USB kake jona shi, ta gaban kwamfutar ko ta baya?

Mai Gyara na Titin Beirut:
Baban Khadija, kwantar da hankalinka. Irin wannan ana kawo mana shi shago kusan kullum, kuma mafi yawan lokaci ba faifan ne ya mutu ba. Fara da kebul, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Bakin kebul ɗin nan mai faɗi da ke shiga jikin faifan yana saurin sakewa, musamman ga mai yawo da shi a jaka. Ka ari wani kebul gajere mai kyau, ka jona a bayan kwamfutar, kai tsaye, ba ta cikin abin nan mai raba ƙofa ɗaya zuwa huɗu ba. Dalili kuwa shi ne waɗannan ƙananan faifai masu inci 2.5 daga ƙofar USB suke shan wutarsu, volt 5. Ƙofar USB 2.0 ƙa'idarta miliamfiya 500 ce, ta USB 3.0 kuwa 900, kuma lokacin da faifai ya fi jan wuta shi ne sa'ad da yake tayar da juyawarsa. Idan wutar ta gaza za ka ga fitila ta kama, har ka ji motsi, amma kwamfuta ba za ta karanta shi daidai ba. Ka nemi ƙofar da cikinta shuɗi ne.

Baban Khadija:
Na gode Hajiya, na gode Malam. Ba ya yin wannan ƙarar, juyawa kawai nake ji, sai dai wani lokaci kamar yana tsayawa ya sake ɗauka. Game da faɗuwa, gaskiya kimanin wata ɗaya da ya wuce ya zame daga kan tebur ya faɗi kan darduma yana jone, amma ya ci gaba da aiki, shi ya sa ban ɗauki abin da muhimmanci ba. A ƙofar gaba nake jona shi. Yanzu na ari kebul wajen maƙwabcina na jona a baya. An samu canji kaɗan: harafin E yana fitowa, amma babu sunan faifan kuma babu girmansa, idan na danna sai tagar ta daskare, daga baya saƙon fomatin ya dawo.

Ɗan Maraɗi:
Sallama gare ku duka. Malam Baban Khadija, ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta diskmgmt.msc, sai ka gaya mana abin da ka gani. Wannan shi ne Disk Management, tagar da Windows take nuna duk faifan da ke jone da yadda aka raba kowannensu zuwa ɓangarori, mu nan Nijar da kwamfutocinmu ke da Faransanci Gestion des disques ake rubuta mana. Abin da za ka duba shi ne girman faifan da kuma abin da aka rubuta a kan layinsa. Idan an rubuta NTFS ko exFAT, wato sunayen tsarin fayil, amma babu harafi, wannan mai sauƙi ne, harafi kawai za a ba shi. Idan an rubuta RAW, to Windows tana ganin ɓangaren amma ba ta gane tsarinsa. Idan layin baƙi ne an rubuta Unallocated, teburin ɓangarori ne ya ɓaci. Idan kuma ta ce a yi masa Initialize, kada ka yarda, ka rufe tagar, domin shi ma rubutu ne a kan faifan. Sannan ina da wata tambaya. Memorin da kake kwashewa lokacin da aka ɗauke wuta, kwafi kake yi ko yankewa, kuma ka sake ɗaukar wani abu a kansa?

Baban Khadija:
Allah ya saka da alheri, wallahi ruɗewa ta hana ni wannan tunanin. Kwafi nake yi, kuma na duba memorin yanzu, bikin na nan cif. Saura biki ɗaya ke nan, wanda memorinsa na riga na goge na sake ɗaukar wasu ayyuka biyu a kai, sai kuma tsofaffin ayyukana. Disk Management ya ɗauki kusan minti biyar kafin ya buɗe. Ya nuna Disk 1, girma 931.51 GB, ɓangare ɗaya, an rubuta RAW. Shin ragin da na gani daga 1000 zuwa 931 yana nufin wani sashe ya lalace?

Ɗan Maraɗi:
A'a, wannan shi ne girmansa na asali. Kamfanoni suna ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma tana ƙirga da 1024, shi ya sa faifan terabait 1 yake fitowa 931. Ganin wannan adadi ma labari ne mai daɗi, domin yana nuna faifan yana amsawa kuma yana faɗin girmansa daidai. Wanda ya yi nisa sosai yakan nuna sifili ko wani adadi marar kan gado.

Mai Gyara na Titin Beirut:
To alhamdu lillahi, magana ta fito fili. Ɗauke wuta ne ya katse rubutu, tsarin fayil ya hargitse. Ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, da izinin mai kula da kwamfuta, ka rubuta chkdsk E: /f, umarnin Windows na gyara tsarin fayil, ka bar shi ya gama. Na sha dawo da faifai da wannan umarni cikin minti goma, mai kaya ya tafi yana murna. Idan ya ƙi, sai ka sauke manhajar TestDisk ka gyara farkon ɓangaren.

Maman Sadik:
Malam mai gyara, ina girmama ƙwarewarka, kuma shawararka ta kebul ta yi amfani, amma a nan ban yarda da kai ba. Baban Khadija, don Allah ka dakata da chkdsk.

Dalilina na farko shi ne labarin bai yi kama da na ɗauke wuta kaɗai ba. NTFS yana da kundin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi shi, saboda haka idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki yawanci fayil ɗin da ake kwashewa ne yake lalacewa, faifan kuma ya buɗe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne faɗuwar da ya yi yana juyawa, da daskarewar taga, da minti biyar ɗin da Disk Management ya ɗauka. Lafiyayyen faifai mai hargitsattsen tsari nan take yake amsawa ya ce ban gane ba. Wanda yake jan lokaci haka yana ƙoƙarin karanta wani wuri ne yana kasawa yana sake gwadawa.

Dalili na biyu shi ne aikin chkdsk ba ceto fayiloli ba ne. Aikinsa daidaita tsarin fayil ko ta halin ƙaƙa, kuma yana yin haka ne ta hanyar rubutu a kan faifan. Idan ya tarar da bayanin wata folda ya ƙi karantuwa, yana iya yanke shi, ya tara abin da ya tsinta a wata folda mai suna found.000, wasu da sunaye irin file0000.chk, kuma babu hanyar komawa baya. A makarantar da nake kula da ɗakin kwamfuta a Zariya haka ta faru da faifan da muke ajiye sakamakon ɗalibai. An bar chkdsk ya kwana yana aiki, da safe faifan ya buɗe, amma foldoji biyu na shekarun baya sun ɓace, kuma kafin mako ya zagayo faifan ya daina amsawa gaba ɗaya. Mun shafe kusan wata guda muna sake shigar da maki daga takardu.

Kafin a taɓa komai, a tambayi faifan kansa halin da yake ciki.

Mai Gyara na Titin Beirut:
Hajiya, na ji bayaninki kuma ba na musun abin da ya same ku. Amma a duba halin da mutumin nan yake ciki. Na san inda maganarki za ta kai, za a ce ya nemo wani faifan ya kwafe wannan gaba ɗaya, kuma kowa ya san kuɗin faifai a kasuwa yanzu. Ba kowa ne yake da halin sayen sabo don a gwada ba, ga masu biki suna kira. Ban da haka, sau da yawa chkdsk da kansa yake ƙin taɓa faifan da ya zama RAW, ya ce ba ya aiki a kansa, ka ga babu asarar da aka yi. Mu da muke zaune da masu kaya ido da ido dole mu fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Maman Sadik:
Gaskiya ne yakan ƙi, amma ba kullum ba. Wani lokaci yana gane NTFS ne ya fara gyara, kuma wannan lokacin nake tsoro. Abin da nake nema yanzu shi ma ba ya cin ko kwabo. Kowane faifai yana ajiye bayanin lafiyarsa a cikinsa, wanda ake kira SMART. Baban Khadija ya sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce kuma ƙarama ce, ya jona faifan, ya karanta mana layi uku masu ƙirga guraben da suka lalace: 05, C5 da C6, tare da lambar da ke ƙarshen kowane layi. Da ya gama ya cire faifan. Idan duka ukun sifili ne, zan sassauta matsayina.

Mai Gyara na Titin Beirut:
Wannan adalci ne, na amince. A duba.

Ɗalibin Kwamfuta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne, ina koyo a wajenku. Na taɓa jin cewa idan aka naɗe faifai a leda aka sa shi a firji ya kwana, yana dawowa aiki na ɗan lokaci. Ko wannan zai taimaka wa Baba?

Ɗan Maraɗi:
Ƙanena, ka kyauta da ka tambaya kafin wani ya gwada. Kada a yi. A cikin faifan akwai faranti mai juyawa, yawanci sau 5400 a minti ɗaya a irin waɗannan ƙanana, da wata allura mai karatu da ke shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Idan ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin iskar ɗaki zai yi raɓa, kamar yadda kwalbar lemo take yi, kuma ɗigon ruwa ɗaya a kan farantin ya isa ya sa allurar ta karce shi. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a buɗe murfin faifan a shago ko a gida, balle a lokacin hunturu da ƙura take ko'ina. Masu wannan aiki suna yin sa ne a wuri na musamman mai tace iska.

Baban Khadija:
Na duba. Manhajar ta nuna launin rawaya, an rubuta Caution. A layin 05 lambar ƙarshe 000000000010, a C5 000000000058, a C6 kuma 000000000058. Na cire shi kamar yadda Hajiya ta ce.

Ɗalibin Kwamfuta:
Idan ban yi kuskure ba, waɗannan lambobi a lissafin goma sha shida suke, wato wanda ake ƙirga da sha shida-sha shida maimakon goma-goma, domin haka manhajar take nuna su idan ba a canja ba. Ke nan 10 tana nufin 16, 58 kuma tana nufin 88.

Maman Sadik:
Haka ne ɗana, ka karanta daidai. Ma'anarsa faifan ya riga ya sauya wa ƙananan gurabe 16 wuri saboda sun lalace, kuma akwai wasu 88 da ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa. Waɗannan su ne waɗanda ya ci karo da su kawai, ana iya samun ƙari a wuraren da ba a taɓa ba tukuna. Zato mafi ƙarfi shi ne faɗuwar ce ta fara ɓarnar, ɗauke wutar kuma ta ƙarasa, kuma wani daga cikin guraben da suka lalace ya faɗa a farkon ɓangaren, inda bayanin da Windows take fara karantawa yake. Faifan da ke wannan hali kowace sa'a da ya yi a kunne tana iya rage abin da za a samu, don haka a kashe sa'o'in da suka rage masa wajen kwashe abin da ke ciki, ba wajen gyara shi ba.

Mai Gyara na Titin Beirut:
Na janye maganar chkdsk. Da wannan sakamako ni ma ba zan yi shi a shagona ba, kuma TestDisk ɗin ma kada a gudanar da shi a kan wannan faifan kai tsaye. Baban Khadija, tunda kana Kano, ina da faifan terabait 2 da nake aiki da shi, babu komai a ciki yanzu. Ka yi mini magana ta akwatin sirri, ka zo ka ara na mako guda. Idan ka fi so ka kawo naka mu yi aikin tare a kan laftof ɗina, domin tana riƙe caji, ka ga ɗauke wuta ba zai katse mu nan take ba.

Baban Khadija:
Malam, ban san da wane baki zan gode maka ba. Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya raya maka zuri'a. Gobe da safe in sha Allah ina tafe. Hajiya, don Allah ki rubuta mana matakan dalla-dalla yadda za mu bi.

Maman Sadik:
To, ga yadda nake yi. Ba a cikin Windows za a yi aikin ba, domin da zarar an jona faifan za ta dinga ƙoƙarin buɗe shi tana komawa wurin da ya lalace, abin da ke kawo daskarewar ke nan. Ku sauke SystemRescue, wani nau'in Linux ne (tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows) da aka shirya don irin wannan aiki, yana zuwa da ddrescue, manhajar kwafe faifai marar lafiya, da TestDisk a cikinsa, kuma ba ya buɗe faifai da kansa sai an umarce shi. Ku sa shi a kan filash da manhajar Rufus, ku tayar da laftof ɗin daga filash ɗin.

Ku fara jona faifan terabait 2 shi kaɗai, ku rubuta lsblk, umarnin da ke jero faifan da ke jone, ku rubuta sunan da ya samu a takarda. Sannan ku jona marar lafiyar ku sake rubuta lsblk. Wanda ya nuna 931.5G shi ne naka, mai 1.8T shi ne na aro. Ku natsu sosai a nan, domin wanda ya juya sunayen zai iya shafe abin da yake son cetowa da hannunsa. A umarnin da za ku rubuta a ƙasa zan ɗauka na aron shi ne sdb, marar lafiyar kuma sdc. Faifan aron ya kasance NTFS ko exFAT, kada ya zama FAT32, domin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, mu kuwa fayil mai gigabait 931 za mu yi.

mkdir /mnt/aro
mount /dev/sdb1 /mnt/aro
ddrescue -n /dev/sdc /mnt/aro/kwafi.img /mnt/aro/taswira.map

Abin da ya bambanta ddrescue da kwafin da muka saba shi ne ba ya tsayawa jayayya da wurin da ya lalace. Yana fara kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, ya tsallake mai wuya, sai daga baya ya dawo kansa. Fayil na ƙarshe, taswira.map, shi ne littafin da yake rubuta inda ya karanta da inda ya rage. Idan wuta ta ɗauke ko faifan ya yanke, ku maimaita umarnin da wannan taswirar, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Amma duk lokacin da kuka sake kunnawa ku sake duba lsblk, domin sunayen suna iya sauyawa. Bayan zagayen farko ya ƙare sai ku yi na biyu, ku cire -n ku sa -d -r3, wato ya koma guraben da suka ƙi ya gwada su har sau uku.

Lafiyayyen faifai mai wannan girma a ƙofar USB 3.0 yakan ɗauki kimanin sa'a uku zuwa huɗu, wannan kuwa zai iya wuce haka nesa. Ku ajiye shi a kan tebur mai ƙarfi inda ba za a girgiza shi ba, ku sa masa fanka. Idan kuka ji ya fara ƙas, ƙas, ku cire shi nan take, domin daga nan aikin ya koma na masu canja allura.

Abu Ammar:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ko za ta amfani wani. Nawa faifan yana buɗewa a Windows amma Ubuntu, wani nau'in Linux, ta ƙi buɗe shi, tana cewa ba a rufe tsarin NTFS ɗin da kyau ba. Shin ni ma sai na bi wannan doguwar hanya?

Ɗan Maraɗi:
A'a Malam, taka daban ce, tunda Windows tana buɗe shi lafiya. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira Fast Startup, wanda yake sa idan ka kashe kwamfuta ba ta mutu gaba ɗaya ba, sai ta bar faifan da ke jone da alamar ana kan aiki da shi, Linux kuma ta ƙi rubutu a kansa don kada ta yi ɓarna. Ka mayar da shi Windows, ka cire shi ta hanyar Eject kafin ka kashe, ko ka kashe Fast Startup a saitin wuta. Idan saƙon ya ci gaba, a irin halinka chkdsk ya dace, bayan ka duba SMART ka ga lafiya.

Mai Gyara na Titin Beirut:
Ga rahoton inda muka kwana. Mun fara da ƙarfe goma na safe. A farkon faifan gudun ya faɗi ƙwarai, har muka ɗauka ya tsaya, sai ya tsallake ya kama gudu sosai. Wajen la'asar faifan ya yanke sau ɗaya, muka cire muka bar shi ya huce, muka mayar, sunansa ya koma sdd, kamar yadda Hajiya ta yi gargaɗi. Muka gyara umarnin ya ci gaba. Zagayen farko ya ƙare bayan isha'i da kashi 99.98 cikin ɗari. Yau muka yi na biyu, ya ƙara samo kaɗan, abin da ya rage bai kai megabait 3 ba, kuma adadin ya daina motsi. Mu ci gaba da matsa masa ko mu tsaya?

Maman Sadik:
Ku tsaya haka, ku cire shi ku ajiye a aljihun tebur, kada a yi masa fomatin har sai an tabbatar komai ya fito. Daga yanzu da kwafin za ku yi aiki. Ku rubuta testdisk /mnt/aro/kwafi.img, ku karɓi nau'in teburin da ya zaɓa da kansa, ku shiga Advanced, ku zaɓi ɓangaren, ku shiga Boot. NTFS yana ajiye kwafin gurbinsa na farko a can ƙarshen ɓangaren, saboda irin wannan rana. Idan ya nuna na farkon Bad, na ajiyar kuma OK, ku zaɓi Backup BS, wato a mayar da na ajiyar a wurin na farkon, ku tabbatar. A kan kwafin wannan rubutu ba shi da haɗarin da yake da shi a kan faifan da ke ciwo. Daga nan ku yi amfani da List ku ga ko foldojin sun fito da sunayensu, ku kwashe su zuwa wata folda a faifan aron, ku fara da bikin da ake jira. Wurin zai isa, tunda bayan kwafin akwai sauran fiye da gigabait 900.

Idan foldojin ba su fito ba, sai a koma ga PhotoRec, wanda yake zuwa tare da TestDisk. Shi yana tsinto hotuna da bidiyo ta hanyar gane kamanninsu, amma ba ya dawo da sunaye ko foldoji, kuma manyan bidiyo da suka warwatsu a faifai sukan fito a yanke. Saboda haka nake barin sa a ƙarshe.

Baban Khadija:
Alhamdu lillahi, jama'a. Abin da Hajiya ta faɗa shi muka gani, na farkon Bad, na ajiyar OK. Da muka danna List sai ga foldojina a jere da sunayen da na ba su da hannuna, shekara bayan shekara. Sai da na zauna a kan benci na yi shiru na ɗan lokaci kafin na iya magana. Mun kwashe kimanin gigabait 710. Na kwana ina buɗe fayilolin bikin da ake jira ɗaya bayan ɗaya. Hotunan duka lafiya. A cikin bidiyon, guda ɗaya na wajen kamu yana tsayawa na 'yan daƙiƙu a tsakiya sannan ya ci gaba, kuma zan iya rufe wurin da abin da kyamara ta biyu ta ɗauka. A tsofaffin ayyuka na ga hotuna bakwai da rabinsu ya zama toka, akwai kuma folda ɗaya ta 2022 da ta fito babu komai a ciki. Na kira mahaifiyar amarya na gaya mata ranar Asabar zan kai musu aikinsu.

Tambayata ta ƙarshe ita ce, tsohon faifan idan na yi masa fomatin zan iya ci gaba da amfani da shi? Sannan sabon da zan saya, wane tsari zan sa masa, tunda wani lokaci ina kai aiki wajen abokina mai amfani da Mac?

Mai Gyara na Titin Beirut:
Fomatin zai iya sa ya buɗe, har lambar C5 ta sauka, amma karcewar da ke kan farantin tana nan, kuma irin wannan ƙaruwa take yi. Kada ka sake ɗora masa aikin mutane. Game da foldar 2022, kada mu goge kwafi.img tukuna, ka riƙe faifan nawa har mako mai zuwa mu gudanar da PhotoRec a kan kwafin, wataƙila hotunan suna nan bayanin foldar ne kawai ya faɗa wurin da ya lalace.

Maman Sadik:
Barka Malam, na yi farin ciki ƙwarai. A kan tsari, Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. exFAT kuwa duka biyun suna karantawa suna rubutawa, sai dai ba shi da kundin nan da na ambata, don haka ya fi saurin hargitsewa idan aka ɗauke wuta ko aka fizge kebul ana cikin rubutu. Tunda kwamfutar tebur kake aiki da ita kuma wutar ba ta da tabbas, babban faifan ajiyarka ya zama NTFS, ka ware wani ƙarami ko filash mai exFAT don kai aiki wajen abokinka. Kuma kada ka goge memorin biki sai aikin yana wuri biyu daban.

Baban Khadija:
Na fahimta Hajiya. Na yi magana da Malam, zai nemo mini faifai ɗaya yanzu da ƙaramin UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfutar wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, na biyun kuma in an biya ni kuɗin waɗannan bukukuwa. Ranar Talata za mu gwada PhotoRec a kan foldar 2022, kuma zan dawo nan in faɗi abin da aka samu.